Kada Garin Neman Gira Mu Rasa Ido: Magana Kan Tallan Aikin Lesa



Akwai wani talla da ya cika wayoyin mutane a 'yan shekarun nan. A Facebook, a Instagram, a TikTok, sai ka ga saurayi ko budurwa an cire tabarau an wurgar, ana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa cikin 'yan mintoci an rabu da gilashi har abada. Wani tallan na asibitocin kuɗi ne na cikin gida, wani kuma na dillalai ne masu haɗa wa mutum biza da masauki zuwa Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai. Daga can ake turo shi zaurukan WhatsApp na unguwa, sai ka ji an fara tambayar nawa ne, ina ake yi.

Bari mu faɗi matsayinmu tun daga farko don kada a yi mana fassara. Aikin gyaran gani da hasken lesa gaskiya ne, ilimi ne, kuma mutane da yawa a duniya sun amfana da shi. Neman magani kuwa ba laifi ba ne a wurin Musulmi ko Kirista. Abin da muke faɗa da shi shi ne yadda ake sayar da aikin: ana faɗin rabin gaskiya a ɓoye rabi, ana kuma hawa kan wata tsohuwar kunya da muke da ita, kunyar sa tabarau. A unguwa irin tamu, inda mutum zai kai shekara hamsin ba a taɓa auna idonsa ba, wannan talla yana juya hankalin jama'a daga abin da ke makantar da mu zuwa abin da bai wuce zaɓi ba.

ME AKE YI WA IDON?

A gaban ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashin agogo, wadda ta rufe baƙin ido. Likitoci na kiranta koniya. Kaurinta bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Sauran aikin wani ɗan madubi ne da ke cikin ido ke yin sa, wanda idan ya yi fari muke cewa mutum ya yi yana. Hasken da aka tattara dole ya sauka daidai a kan wani tantani da ke shimfiɗe a bangon bayan ido, wato retina, kafin mutum ya ga abu tangaran.

Mai matsalar rashin ganin nesa, galibi ƙwayar idonsa ce ta yi tsawo fiye da kima. Tsawon idon babba wajen milimita 24 ne, kuma ƙarin milimita ɗaya tak ya isa ya sa lambar mota ko rubutun allo su zama hazo, domin hasken yana haɗuwa kafin ya isa retina. Shi kuwa astigimatizim, koniyar ce ba ta yi zagaye daidai kamar bayan ƙwarya ba, ta yi kamar bayan cokali, wani ɓangare ya fi wani lanƙwasa. Mai shi yana ganin abu da inuwa ko a miƙe, kusa da nesa, kuma yawanci yana fama da ciwon kai idan ya yi karatu.

A aikin da ake kira LASIK, ana ɗiga maganin kashe zafi, a yanko wani siririn murfi daga saman koniya, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kaurinta, a ɗaga shi gefe, sannan hasken lesa ya fere naman da ke ƙasa gwargwadon lambar tabaran mutum, a mayar da murfin ba tare da ɗinki ba. A PRK ba a yanka murfi, ana goge fatar sama ne a fere, ya fi zafi na 'yan kwanaki kuma ya fi jinkirin warkewa. A SMILE, wanda ya fi su sabunta, ana zaro naman ne ta wata 'yar ƙaramar kafa. Duka ukun manufarsu ɗaya: a sassaƙa tabarau a jikin idon. Wani likita ɗan ƙasar Girka, Ioannis Pallikaris, na cikin waɗanda suka fara LASIK a kan mutane wajen 1990, Amurka kuma ta amince da shi a ƙarshen shekarun 1990. Don haka aikin ba sabo ba ne, an san amfaninsa, an kuma san illarsa. Illar ce ba a sakawa a bidiyon talla.

ABIN DA TALLAN BA YA FAƊA

Na farko, lesa ba ta rage tsawon ido. Idon da ya yi tsawo yana nan da tsawonsa bayan aiki. Mai lamba babba, kamar 6 zuwa sama, ya fi sauran mutane haɗarin yagewa ko ɓallewar retina da kamuwa da hawan jinin ido, kuma wannan haɗari yana nan daram ko ya daina sa tabarau. Tabaran nan da yake ƙi shi ne ke mayar da shi asibiti lokaci-lokaci a duba shi. Ranar da ya ɗauka ya warke, ranar zai daina zuwa.

Na biyu, kalmar "har abada" yaudara ce. Daga shekara 40 zuwa sama madubin cikin ido yana yin tauri, karatun kusa ya fara wuya, mutum ya fara nisanta waya daga fuskarsa. Wannan yana samun kowa, wanda aka yi wa lesa da wanda ba a yi wa ba. Hasali ma mai ƙaramar matsalar ganin nesa yana da wata riba: idan ya tsufa, cire tabarau kawai zai yi ya karanta Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki. Idan aka fere masa ido yana ɗan shekara 38, ya sayar da wannan riba, bayan 'yan shekaru ya koma neman gilashin karatu. Ban da haka, wasu lambarsu takan ɗan dawo bayan shekaru.

Na uku, bushewar ido da matsalar ganin dare. Yankan murfi yana katse ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido cewa yana buƙatar hawaye. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, tare da cibiyar binciken ido ta ƙasar da ma'aikatar tsaronsu, sun bibiyi waɗanda aka yi wa LASIK, sakamakon ya fito a 2017. Fiye da kashi 95 cikin 100 sun gamsu da ganinsu, wannan gaskiya ne, kuma shi ne adadin da masu talla ke so. Amma a cikin binciken guda, daga waɗanda ba su da wata damuwar gani kafin aiki, har kashi 46 cikin 100 sun ba da rahoton sabuwar damuwa bayan wata uku, kamar ganin zobe kewaye da fitila ko tartsatsin haske. Har kashi 28 cikin 100 na waɗanda ba su da bushewar ido a da sun same ta. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu sosai ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Kaɗan ne, amma idan kai ne ɗayan, lissafin ɗari ba zai yi maka amfani ba. A 2022 FDA ta fitar da daftarin shawara cewa a riƙa bai wa mai son aikin takardar da ta jera waɗannan illoli ɓaro-ɓaro kafin ya sa hannu.

Yanzu a ɗora wannan a kan rayuwar Karu. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga AYA ta Kugbo zuwa gadar Karu da daddare ya san yadda fitilun tireloli ke kashe ido ko ga mai lafiyayyen gani. Direban tasi, ɗan acaɓa da mai Keke da ke neman abinci a wannan hanya, ganin dare shi ne jarinsu. Ga hunturu, wata uku zuwa huɗu na ƙura da busasshiyar iska. Ga hayaƙin janareta da na itace. Bayan aiki ana son mutum ya yi kwanaki ba ya barin ruwa ya shiga idon ko wajen alwala da wanka, ba kwalli, ba murza ido, kuma ya yi ta ɗiga magani na makonni ko watanni. Wanda ya yi tallan a ɗaki mai sanyi bai san ƙurar hanyar Karshi ba.

Na huɗu, abin da aka fere ba ya dawowa. Idan tabarau bai yi maka ba, sai a canza. Koniya kuwa ba ta tsiro. Idan aka fere wadda ba ta da kauri ko ƙarfi, tana iya fara turowa gaba bayan watanni ko shekaru, gani ya lalace fiye da da, wani har sai an yi masa dashen koniya. Akwai dalilai biyu da suka sa wannan ya shafe mu musamman. Bincike da dama sun nuna cewa koniyar baƙar fata, a matsakaici, ta fi ta Turawa siranta. Sannan akwai wata cuta, keratokonus, inda koniya ke yin tsini kamar mazurari. Tana da alaƙa da yawan murza ido, kuma kowa ya san yadda ƙaiƙayin ido ya yi yawa a tsakanin yaranmu, irin wanda ke mayar da farin ido ruwan ƙasa. Farkon wannan cuta yana bayyana ne kamar astigimatizim da ke ƙaruwa kullum, tabarau ba ya daɗewa sai ya daina aiki. Wato wanda ya fi kowa gajiya da tabarau, ya fi kowa ɗokin lesa, yana iya zama shi ne wanda bai kamata lesa ta taɓa idonsa ba ko kaɗan. Ba a gane wannan da kallo, sai an ɗauki taswirar koniya da na'ura an kuma auna kaurinta.

Na biyar, kuma shi ya fi tayar mana da hankali: bayan an rage kaurin koniya, na'urar auna ƙarfin ruwan ido takan ba da lamba ƙasa da gaskiya. Mai hawan jinin ido zai iya zuwa gwaji a ce masa lafiya lau, idan bai faɗa wa likita an taɓa yi masa lesa ba. Haka nan idan ya tsufa ya yi yana, lissafin madubin roba da za a saka masa ya fi wuya. Shi ya sa duk wanda aka yi wa aikin ya kamata ya karɓi takardun awon idonsa na kafin aiki ya adana su kamar takardar fili.

ABIN DA KE MAKANTAR DA MU

Daga 2005 zuwa 2007 an yi babban binciken makanta na ƙasa a Najeriya, aka duba mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya a lissafin lokacin. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido, wato gilakoma, ya jawo kashi 16.7. Kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya kaucewa ne ko a warkar. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta, da suka yi nazarin alƙaluman gilakoma, sun gano kusan mutum 5 cikin 100 na masu wannan shekaru suna da ita, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu ba su sani ba. Cuta ce da ba ta ciwo, tana cin gani daga gefe-gefe, abin da ta ci kuma ya tafi kenan. Binciken ya kuma nuna cewa babban abin da ke jawo raunin gani wanda bai kai makanta ba shi ne rashin tabarau kawai.

A dubi wannan jeri da kyau. LASIK ba ya cire yana. Ba ya maganin gilakoma. Ba ya gyara idon da ciwon suga ya taɓa. Amma kalmar "lesa" ta shiga bakin mutane kamar sunan magani guda mai warkar da komai, har dattijo mai yana zai ƙi aikin da aka saba yi, wanda ke dawo da gani, yana jiran 'ya'yansa su tara kuɗin "na haske". Lesa iri-iri ce. Akwai wadda ake harbawa a retinar mai ciwon suga don hana zubar jini. Akwai wadda ake rage ƙarfin ruwan ido da ita ga mai gilakoma. Akwai wadda ake share hazon da kan taso bayan aikin yana. Waɗannan suna ceton ido daga makanta, kuma ba ka ganin tallansu da kiɗa. Wadda ake yi wa kiɗa ita ce mai raba fuska da tabarau, domin ita ce mai kawo kuɗi daga aljihun mai lafiya.

Maganar kuɗi kuwa, aikin da ake kiran farashinsa da miliyan ne. Ko da miliyan ɗaya ce cif, albashin wata 14 ne na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa hannu a kai a 2024. Da wannan kuɗi za a auna idon gida guda kaf, a yi wa masu buƙata tabarau, a kai tsoho aikin yana, a kuma samu canji.

KUNYAR TABARAU

Nan ne laifin ya dawo gidajenmu. Mai talla bai ƙirƙiro kunyar ba, tarar da ita ya yi. A cikinmu ake ce wa yaro mai ido huɗu. A cikinmu ake cewa gilashi yana ƙara kashe ido, yana sa ido ya zurma, wanda ya fara ba ya dainawa. A cikinmu uwa ke ɓoye tabaran 'yarta idan manema sun fara zuwa, kada a ce tana da aibu. A cikinmu uba ke cewa iyayi ne, yaro ƙarami me ya gani da zai sa gilashi.

Duk wannan ba shi da tushe. Lambar yaro tana ƙaruwa ne saboda idonsa yana girma tare da jikinsa, ya sa tabarau ko bai sa ba. Hana shi tabarau ba ya tsayar da lambar, karatunsa kawai yake tsayarwa. Yaron da ba ya ganin allo a aji mai ɗalibai masu yawa, zai yi ta kwafa daga littafin na kusa da shi, a ce masa daƙiƙi, a zane shi, wata rana ya bar makarantar. A ƙasar Sin an yi gwaji a makarantun karkara, sakamakon ya fito a 2014: yaran da aka bai wa tabarau kyauta sun fi samun maki a lissafi. Babu sabon malami, babu sabon littafi, gilashi kawai.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne a shekarun farko, zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idan yaro yana da astigimatizim mai yawa, ko ido ɗaya ya fi ɗaya lamba sosai, aka bar shi babu tabarau a wannan lokaci, ƙwaƙwalwar takan yi watsi da idon, ya zama malalacin ido. Idan ya girma, ko an kai shi Indiya an yi masa lesa mafi tsada, ganin ba zai cika ba, domin lesa ba ta ba mutum fiye da abin da tabarau mai kyau zai iya ba shi. Iyayen da ke cewa "bari ya girma a yi masa aiki" su ji wannan da kyau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma matsalar ƙaruwa take yi. Masana sun yi hasashen cewa zuwa 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance da matsalar ganin nesa. A biranen gabashin Asiya tuni kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare suna da ita. Abin da aka tabbatar yana rage kamuwa da ita shi ne yaro ya riƙa samun wajen awa biyu a waje cikin hasken rana kullum, har Taiwan ta mayar da hakan tsarin makarantu tun 2010. Mu kuwa ga gidajen haya masu ƙunci, ga makarantun kuɗi da aka buɗe a cikin gida babu filin wasa, ga darasin yamma, ga waya a hannun ɗan shekara uku.

GA MASU CEWA KUƊINA NE, IDONA NE

Gaskiya ne. Baligi mai hankali yana da 'yancin zaɓar abin da za a yi wa jikinsa, kuma akwai waɗanda tabarau ke wahalar da su da gaske: mai aiki cikin ruwan sama da gumi, ɗan wasa, wanda bambancin lambar idanunsa biyu ke sa shi jiri. Ba mu ce kowa ya haƙura ba. Amma zaɓi ba ya zama zaɓi sai an san abin da ake zaɓa. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mara lafiya hanyoyin magani da ke akwai, amfaninsu, haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma a harshen da yake fahimta. Takardar Turanci mai shafi uku da aka miƙo maka minti biyar kafin a shiga da kai ba ta cika wannan sharaɗi ba.

Wanda ya ƙudura, ga abin da ya kamata ya tabbatar:

Ya kai shekara 18 aƙalla, kuma lambarsa ta tsaya cik shekara guda ba ta canza ba. Mai ciki da mai shayarwa su jira. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai bushewar ido sosai, mai cutar da garkuwar jiki ke faɗa da jiki, da mai keratokonus, aikin ba nasu ba ne.

An ɗauki taswirar koniyarsa, an auna kaurinta, an auna ƙarfin ruwan ido, an ɗiga maganin buɗe ido an duba retina. Idan aka ce gwaji da aiki duk yau, saboda rangwamen zai ƙare gobe, ya ɗauki takalminsa.

Ya san sunan likitan da zai riƙe na'urar, ya tabbatar ƙwararren likitan tiyatar ido ne mai rajista da Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN. Mai auna ido da mai yanka gilashi suna da nasu muhimmin aikin da nasu hukumar, amma tiyata ba tasu ba ce.

Ya tambaya: cikin masu zuwa, kuna mayar da wasu ku ce ba su dace ba? Wurin da ba a taɓa mayar da kowa ba, kasuwa ce. Ya tambaya ko kuɗin ya haɗa da dawowa dubawa da gyara idan aikin bai cika ba.

Ya ji ta bakin likita na biyu wanda ba shi da riba a cikin maganar. Akwai sashen ido a Asibitin Asokoro, Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Mai niyyar shiga soja, 'yan sanda ko tuƙin jirgi ya fara tambayar ƙa'idar wurin game da wanda aka yi wa aikin ido, kafin ya kashe kuɗi.

Mai shirin fita waje kuma ya tambayi kansa: ana son a duba ido washegari, bayan mako, bayan wata, da bayan watanni. Idan murfin ya gurɗe ko ƙwayar cuta ta shiga bayan ka sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wa zai amsa kiranka? Dillali ya karɓi la'adarsa tun ranar da ka biya.

ABIN DA MUKE NEMA

Daga asibitocin da ke wannan aiki: ku faɗi illa da irin muryar da kuke faɗin amfani. Ku daina rubuta "har abada". Ku yi bayani da Hausa, da Gbagyi, da Turancin kasuwa, ku kuma ba kowa kwafin awonsa.

Daga MDCN, hukumar kula da talla ARCON, da hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC: tallan tiyata ba tallan man shafawa ba ne. A sa ido a kan abin da ke yawo a intanet, musamman na dillalan da ba likitoci ba.

Daga Sakatariyar Lafiya ta Babban Birnin Tarayya, Ƙaramar Hukumar AMAC da hukumar ilimin bai-ɗaya: a riƙa gwada ganin kowane yaro a makarantun firamare sau ɗaya a shekara. Allon gwaji ne da malami guda da aka horar. A watan Satumba na 2023 Shugaba Tinubu ya amince da shirin samar da tabarau miliyan 5 ga 'yan Najeriya. Muna son wakilanmu su tambaya, a rubuce, nawa ne kason Karu da kewaye, kuma a wace cibiyar lafiya ake samu.

Daga kanmu, wanda shi ne mafi sauƙi kuma mafi wuya: duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna masa ƙarfin ruwan ido a duba jijiyar gani, musamman idan akwai wanda ya makance a dangi. Mai ciwon suga ya je kowace shekara ko yana gani garau. A daina sayen tabarau na ganin nesa a kan tire a bakin kasuwa. A daina sayen maganin ɗigawa a kemis don ƙaiƙayi ba tare da takardar likita ba, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, mai sanyaya ido yau ya jawo gilakoma da yana gobe. A daina ɗiga nono, ruwan batir, ruwan ganye ko suga a ido. Yaron da ke matse ido don ya ga nesa, ko ke manne wa talabijin, ko ke karkatar da kai idan yana karatu, a kai shi gwaji a wannan zangon, kada a jira hutu. Limamai da fastoci su taimaka da sanarwa, malaman makaranta kuma su tsawata wa masu tsokanar mai tabarau kamar yadda za su tsawata wa mai tsokanar gurgu. Ranar Gani ta Duniya tana zuwa ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba, ya kamata ta same mu da shiri.

Wanda ya yi duk gwajin nan, likitoci biyu suka ce ya dace, ya san abin da zai samu da abin da zai iya rasawa, yana da halin biya ba tare da ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin makarantar yara ba, to Allah ya ba da sa'a. Sauran mu kuwa, tabarau ba aibu ba ne, kuma mai sa shi ba ya bin kowa bayani. A tura wannan ga ɗan uwan da ka san ya fara tambayar farashi, da kuma uban da ya hana ɗansa gilashi.

Allah ya kare mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.